Su Wa Gwamnati Ke Biya wa Kuɗin Inshorar Lafiya?

A duk inda muka zauna da dattawan ikilisiya ko shugabannin Zumuntar Mata a yankunan Gusau, Tsafe da Bungudu, akwai tambayar da ba ta rasa fitowa: "An ce gwamnati tana biya wa talakawa kuɗin asibiti. Gaskiya ne? In gaskiya ne, me ya sa maƙwabcina yake da kati, ni da na fi shi rashi ba ni da shi?" Mun ga ya kamata mu ba da amsa a rubuce, domin a karanta a majami'a bayan sujada, wanda bai iya karatu ba shi ma ya ji da kunnensa.

Amsar ita ce, gaskiya ne. Doka ta ware kuɗi domin wannan aiki. Amma ba a miƙa wa kowa kuɗin a hannu, kuma kuɗin ba ya neman mabukaci har gida. Yana bin sunan da aka rubuta a rajista. Mutum yana iya cancanta ta kowace fuska, amma idan ranar da aka zo rubuta sunaye yana gona, ko ba shi da takardar da aka nema, sai a wuce shi. Saboda haka abu biyu za mu bayyana: su wa suka cancanta, da kuma yadda mai cancanta yake shiga rajista.

Mece ce inshorar lafiya?

Dukanmu mun san adashi. Kowa ya zuba, kowa ya jira ranar kwasarsa. Inshorar lafiya ta yi kama da shi, sai dai a wuri ɗaya suka rabu: a nan ba a bin layi. Kowa yana zubawa tun yana da lafiya, amma wanda ciwo ya kama shi ne ake ɗibar masa. Wanda ya shekara lafiya lau ba a mayar masa da kuɗinsa, domin da shi aka yi jinyar wani. Matan da suke da asusun jinya a zumuntarsu sun riga sun san wannan tsari, ko da ba su kira shi inshora ba. Shi ya sa a jihohinmu na Arewa aka fi kiransa taimakekeniyar lafiya. Hukumar da ke kula da shi a Jihar Zamfara ita ce Hukumar Taimakekeniyar Kula da Lafiya, wadda ake kira ZAMCHEMA a taƙaice, ofishinta yana Gusau.

To, manomin da hatsin rumbunsa ba ya kai shi damina, da me zai zuba? A nan ne tallafin gwamnati ya shigo. Gwamnati ce take zuba masa nasa kason, a ba shi kati, ya je asibiti a duba shi ba tare da ya biya ba.

Dalilin da ya sa ake bukatar wannan ba ɓoyayye ba ne. A Nijeriya, fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan jinya daga aljihun majinyaci da danginsa yake fitowa. Binciken lafiya na ƙasa na shekarar 2018 ya nuna cewa mutum uku kacal cikin ɗari, a tsakanin 'yan shekara 15 zuwa 49, suke da inshorar lafiya. Sauran kuwa mun san yadda suke yi. A sayar da akuya, a buɗe rumbu tun kaka ba ta yi nisa ba, a jinginar da gona, ko a zauna a gida ana jiƙe-jiƙe har sai ciwo ya ci ƙarfin mutum.

Daga ina kuɗin yake fitowa?

An kafa shirin inshorar lafiya na ƙasa, wato NHIS, da dokar 1999, ya kuma fara aiki a 2005 zamanin Shugaba Olusegun Obasanjo. Shekaru da yawa ma'aikatan gwamnatin tarayya ne kusan kaɗai suka ci moriyarsa. Mutanen karkara sai dai su ji labarinsa a rediyo.

A 2014 aka yi Dokar Lafiya ta Ƙasa. Sashe na 11 na wannan doka ya kafa Asusun Kula da Lafiya a Matakin Farko, wanda ma'aikatan asibiti suke kira BHCPF. Idan kun ji wannan suna a bakinsu, asusun da muke magana a kai ke nan. Doka ta ce gwamnatin tarayya ta zuba masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigarta kowace shekara. Rabin kuɗin domin biya wa mutane inshora ne. Kashi 45 na magunguna ne da gyaran ƙananan asibitoci da ma'aikata. Kashi 5 kuma na taimakon gaggawa. An yi dokar, amma sai a kasafin 2018 aka fara sa kuɗin, Naira biliyan 55 da 'yan kai. Shekara huɗu doka tana kwance a takarda.

A watan Mayu na 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar doka. NHIS ta koma NHIA. Wannan doka ta yi abu biyu da suka shafe mu. Ta wajabta inshorar lafiya a kan duk mazaunin Nijeriya, ta kuma kafa asusu na musamman domin masu rauni, waɗanda ba za su iya biya wa kansu ba. A lokacin an ambaci mutum miliyan 83.

Kuɗin yana tasowa daga Abuja ta hannun NHIA, ya zo hukumar jiha, ita kuma ta rubuta sunayen mutane, ta riƙa biyan asibitin da aka haɗa su da shi kowane wata. Tsarin shi ne kowace mazaɓa ta sami aƙalla asibitin matakin farko guda ɗaya da ke cikin shirin. Zamfara tana da ƙananan hukumomi 14 da mazaɓu 147. Ke nan mutumin Nahuce ko Kwatarkwashi, na Mada ko Wonaka, na 'Yankuzo ko Bilbis, ƙofarsa ita ce asibitin mazaɓarsa. Ba sai ya je Gusau neman wani babban mutum ba.

Su wa doka ta ambata?

Dokar 2022 ta lissafa masu rauni: yara 'yan ƙasa da shekara biyar, mata masu juna biyu, tsofaffi, masu naƙasa a jiki ko a ƙwaƙwalwa, da kuma marasa ƙarfi, wato waɗanda talauci ya yi wa katutu.

Huɗun farko ba su da wuyar ganewa. Ciki ba ya ɓuya, ga kuma katin awo. Yaro ƙarami, takardar haihuwa ko katin rigakafi sun isa su nuna shekarunsa. Abin lura game da waɗannan biyu shi ne, cancantarsu tana da wa'adi. Yaro zai cika shekara biyar, mai ciki za ta haihu. Idan gidan yana cikin rashi, ya kamata tun da wuri a nemi a rubuta su a sahun marasa ƙarfi, kada ranar da yaro ya shiga shekara ta shida a ce katinsa ya daina aiki alhali gidan bai canza ba.

Tsofaffi kuwa matsalarsu shekaru ne. Yawancin iyayenmu ba su da takardar haihuwa. Za su ce maka an haife su shekarar fara, ko suna samari aka yi yaƙin basasa. Abin da aka rubuta a katin ɗan ƙasa shi ma'aikaci zai duba. Akan sami tsohuwa mai jikoki da tattaɓa kunne, amma wanda ya cika mata takarda ya rubuta shekara hamsin don bai tsaya tambaya ba. Idan za ku kai tsoho yin katin ɗan ƙasa, ku zauna tukuna ku lissafa shekarunsa da kyau. Littafin baftisma ko na aure da ke ajiye a ikilisiya yakan taimaka a nan.

Game da masu naƙasa, muna so mu ja kunne. Doka ta haɗa har da masu taɓin hankali. Mun san a gidaje da yawa akan ɓoye irin waɗannan 'yan'uwa a ɗaki saboda kunya. Idan masu rubuta suna suka zo, sai a lissafa kowa a bar su. Makaho, gurgu, kurma, wanda hankalinsa ya taɓu, su ne a sahun gaba na waɗanda aka yi asusun dominsu. Kada kunya ta sa a hana su.

Rukuni na biyar shi ne mai wuya. Wane ne marar ƙarfi a ƙauyen da kowa ke kuka? Ƙididdigar da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi a 2018 zuwa 2019 ta nuna cewa kusan mutum 74 cikin 100 a Zamfara suna ƙasa da ma'aunin talauci. Idan haka ne, a cikin gida huɗu, uku za su iya ɗaga hannu su ce "mu ne", kuma ba ƙarya suka yi ba.

Hanyar da gwamnati ta ɗauka ita ce Rajistar Marasa Ƙarfi ta Ƙasa, wadda aka fara tattarawa tun wajen 2016, kowace jiha da ofishinta. Ga yadda aka tsara ta. Ma'aikata za su zo gari, su tara jama'a, su raba su: maza daban, mata daban, matasa daban. Kowane rukuni zai faɗi abin da yake nufi da talaka a garinsu, misali gidan da ba a ɗora tukunya sau biyu a rana, ko gwauruwar da ba ta da mai noma mata. Sa'an nan su ambaci gidajen da suka dace da wannan siffa. A haɗa sunayen, a karanta a bainar jama'a. Bayan haka wasu ma'aikata su bi gida gida da na'ura, su yi tambaya a kan yawan mutanen gida, irin rufin ɗaki, dabbobi, gona da sauransu. Daga wannan rajista ce shirye-shiryen tallafi na gwamnati suke ɗibar sunaye, har da na inshorar lafiya. Inda rajistar ba ta kai ba, akan dogara da masu unguwanni, dagatai, Kwamitin Ci Gaban Mazaɓa da ma'aikatan asibitin wurin su nuna mabukata.

Ku duba wannan tsari da kyau, za ku ga inda ake faɗuwa. Mutanen gari ne suke ambaton sunaye, kuma wanda ya halarci taro shi ne yake magana. Idan unguwarmu tana bayan gari, ko ƙauyenmu ɗan ƙarami ne a ƙarƙashin wani dagaci, kuma babu namu ko ɗaya a wurin taron, wa zai tuna da gwaurayenmu? Sau da yawa ba mugunta ba ce, kowa wanda ya sani yake ambata.

A nan za mu faɗi wata magana da ta shafe mu kai tsaye. Wasu cikinmu sukan ja da baya tun kafin a kore su. Da sun ji an ce tallafin gwamnati, sai su ce, "Wannan ba namu ba ne, ba za a sa mu ba." Mun san abin da ya sa wasu suke faɗin haka, ba mu kuma raina shi ba. Amma a cikin rukunonin da doka ta lissafa babu maganar addini, babu ƙabila, babu jam'iyya. Doka ta yi magana ne a kan mazauna ƙasa. Wanda kakanninsa suka sari dajin garin, da wanda aiki ko kasuwanci ya kawo shi daga Zuru ko Kafanchan ya zauna a Sabon Garin Gusau, duka mazauna ne. Wanda ya je aka hana shi yana da abin da zai kai ƙara a kai. Wanda bai je ba kuwa, babu abin da za mu iya yi masa.

Me ya sa ba kowa ya samu ba?

Bari mu yi ɗan lissafi. A ƙa'idojin asusun na 2020, kuɗin inshorar mutum ɗaya Naira 12,000 ne a shekara. Mu ɗauki rabin biliyan 55 ɗin nan na 2018, mu raba shi da 12,000. Zai ba mu mutum miliyan biyu da dubu ɗari uku, ko kusa da haka, a faɗin ƙasa duka. Ku ajiye wannan kusa da miliyan 83 da aka ambata a 2022. Kasafin ya ƙaru daga baya, amma kuɗin magani shi ma ya tashi, giɓin kuma yana nan da faɗinsa.

Shi ya sa ake raba gurabe. Jiha ta sami nata adadi, ta raba wa ƙananan hukumomi, su kuma su raba wa mazaɓu. Idan gurbin mazaɓa ya cika, sai a rufe littafi har a sake sakin kuɗi. Wannan ita ce amsar tambayar da muka fara da ita. Maƙwabcinka bai fi ka cancanta ba, ya riga ka shiga ne.

Ra'ayinmu shi ne kashi 1 cikin 100 ya yi kaɗan ƙwarai. A Abuja ne shugabannin Afirka suka taru a watan Afrilu na 2001 suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafinsu domin lafiya, kasafin tarayyarmu kuwa bai taɓa kai wannan ba. Maƙwabtanmu na Jamhuriyar Nijar sun bi wata hanya dabam. A 2006 suka ce duk yaro ɗan ƙasa da shekara biyar a duba shi kyauta, kamar yadda suka yi wa tiyatar haihuwa tun 2005, ba tare da zaɓen sunaye ba. Iyaye sun yi tururuwa zuwa asibiti a Maraɗi da sauran wurare, amma gwamnati ta riƙa jinkirin biyan asibitocin, magani ya riƙa yankewa. Kowace hanya da nata ciwon kai. Tamu ta zaɓi mutane kaɗan ta biya musu, saboda haka shiga rajista ya zama abin da ba a wasa da shi.

Takardun da za a tanada

Babbar takarda ita ce lambar ɗan ƙasa, wato NIN. Ana neman ta ne domin kada mutum ɗaya ya shiga sau biyu, ko a cika rajista da sunayen da babu masu su. Yin ta a karon farko kyauta ne a ofishin hukumar katin ɗan ƙasa. Yara ma ana yi musu, da takardar haihuwa da lambar uwa ko uba. Takardar haihuwa kuwa daga Hukumar Ƙidayar Jama'a ake samun ta, ma'aikatanta sukan zauna a asibitoci da sakatariyar ƙaramar hukuma.

Kada a jira sai an ji masu rajista sun iso gari sa'an nan a fara neman waɗannan takardu. Masu rajista sukan yi 'yan kwanaki ne su wuce. Lokacin rani, bayan an kai amfanin gona gida, shi ne lokacin da ya dace a kwashi tsofaffi da yara a kai su.

A tabbata sunan da ke katin ɗan ƙasa shi ne ake bayarwa a ko'ina. Da yawa cikinmu muna da suna biyu ko uku: na gida, na baftisma, da na makaranta. Idan mace Talatu ce a wata takarda, a wata kuma Rahila, na'ura za ta ɗauke ta mutum biyu, ko ta ƙi ta gaba ɗaya.

Shiga wannan rajista ba a biyan ko kwabo. Duk wanda ya zo ya ce a ba shi kuɗin fom, ko "na goro" domin ya sa suna, ku ƙi, ku kuma sanar da mai unguwa da fasto. Haka nan kada ku karanta wa kowa lambar asusun banki ko lambar sirri ta waya da sunan rajistar lafiya. Shirin ba ya aika wa kowa kuɗi, saboda haka ba ya bukatar su.

Waɗanda suka baro garuruwansu

Ba mu da bukatar gaya muku yadda rashin tsaro ya tashi ƙauyuka a Tsafe, Bungudu da kudancin Gusau. Iyalai da yawa suna zaune yanzu a cikin Gusau ko garin Tsafe, wasu a gidajen 'yan'uwa, wasu a kangaye. A ganinmu, wanda ya bar gonarsa da shanunsa ya fito da kayan jikinsa kawai ya shiga sahun marasa ƙarfi ta kowane ma'auni. Amma tsarin yana tafiya ne mazaɓa mazaɓa, a nan ne gizo ke saƙa.

A ce wata gwauruwa ce da 'ya'ya huɗu. An rubuta ta a asibitin mazaɓarsu, daga baya gari ya watse, ta dawo Gusau. Katinta yana nan, amma kuɗinta na wata wata yana tafiya wancan asibiti da ba ta iya zuwa. Idan ta kai yaro wani asibiti a Gusau, za a duba littafi a ce babu sunanta. Abin da za ta yi shi ne ta je ofishin hukumar, ko wurin jami'inta na ƙaramar hukuma, ta nemi a sauya mata asibiti zuwa inda take zaune. Tun tana da lafiya za ta yi wannan. Wanda kuma bai taɓa shiga ba, ya gabatar da kansa ga mai unguwar inda ya sauka, domin idan aka zo rubuta suna a san da zamansa. Ikilisiyoyin cikin gari da suka karɓi baƙi, wannan aiki naku ne. Baƙo bai san ƙofar mai unguwa ba, sai an kai shi.

Me kati yake biya?

Yana biyan abin da ya fi kai mu asibiti: zazzaɓin cizon sauro, gudawa da ciwon haƙarƙari na yara, awon ciki, haihuwa, duba mai jego da jariri, tazarar haihuwa, da awon hawan jini da ciwon sukari. Idan ciwo ya fi ƙarfin ƙaramin asibiti, sai su rubuta takardar turawa zuwa babban asibiti, kamar na Tsafe ko na Bungudu ko na cikin Gusau. Wannan takarda tana da muhimmanci. Wanda ya tsallake asibitin mazaɓarsa ya tafi babban asibiti kai tsaye, in ba gaggawa ba ce, zai iya biya daga aljihunsa ko da yana da kati. Jinya mai tsada ta dogon lokaci, irin su dashen ƙoda, ba ta cikin wannan tsari.

Bayan an ɗauki hoto an rubuta suna, akan ɗan jira kafin sunan ya iso littafin asibiti. Ku riƙa leƙawa kuna tambaya. Wani lokaci kuma za a ce magani ya ƙare, a rubuta muku ku saya a waje. Idan sau ɗaya ne, a yi haƙuri. Idan ya zama kullum, a gaya wa Kwamitin Ci Gaban Mazaɓa, domin ana biyan asibiti kuɗin kowane mai kati duk wata, ko ya zo ko bai zo ba.

Wanda bai shiga ba fa?

Ma'aikacin gwamnatin tarayya, kamar na Cibiyar Lafiya ta Tarayya ko Jami'ar Tarayya da ke Gusau, yana da tasa inshora ta wurin aiki. Ta haɗa shi da matarsa ko mijinta da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18, yana biyan kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani. Irin wannan bai kamata ya nemi gurbin marasa ƙarfi ba. Gurbin da ya ɗauka, na wani ne da ba shi da kowa. Dokar 2022 ta kuma ɗora wa duk mai ma'aikata biyar ko fiye nauyin sa su a inshora. Kwamitocin makarantunmu da ƙananan asibitocin ikilisiya su lura, wannan ya shafe su.

Mai ɗan hali, kamar ɗan kasuwa, tela ko mai injin niƙa, yana iya biya wa kansa da iyalinsa, ta hukumar jiha ko ta shirin GIFSHIP na tarayya. Da aka buɗe shi a 2020 Naira 15,000 ne kowane mutum a shekara, kuɗin ya tashi tun daga lokacin, sai a tambayi na yanzu a ofishin NHIA. Shirin ya yarda wani ya biya wa wani, ko ƙungiya ta biya wa mutanenta. Ikilisiyar da take tara baiko na musamman duk lokacin da aka kwantar da wani, ta zauna ta yi lissafi ko biya wa gwauraye biyu ko uku tun farkon shekara zai fi mata sauƙi.

Akwai kuma abubuwan da ba sa bukatar kati ko kaɗan. Rigakafin yara kyauta ne. Maganin tarin fuka da na ƙanjamau kyauta ne a asibitocin da aka ware. Maganin kariya daga zazzaɓi da ake bi gida gida ana ba yara 'yan wata 3 zuwa 59 a lokacin damina, shi ma kyauta ne. A watan Nuwamba na 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi a asibitocin da aka amince da su, NHIA ce take biya. Mai ciki ta tambaya tun a wurin awo wane asibiti ne mafi kusa da ke cikin wannan shiri, kada a bari sai naƙuda ta yi tsanani. Sashe na 20 na dokar 2014 kuma ya hana kowane asibiti ko ma'aikacin lafiya ƙin karɓar wanda ke cikin halin gaggawa. Hukuncin wanda ya ƙi shi ne tarar Naira 100,000, ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba, ko duka biyu.

Abin da muke roƙon kowace ikilisiya

A sami littafi ɗaya. Sakataren ikilisiya da shugabar Zumuntar Mata su zauna su rubuta gwauraye, marayu, tsofaffin da ba su da mai kula da su, masu naƙasa, masu ciki da gidajen da suka yi gudun hijira. A gaban kowane suna a nuna ko yana da lambar ɗan ƙasa, ko yana da kati, da asibitin da aka haɗa shi da shi. A rubuta da gaskiya. Idan ɗan dattijo mai babur da shago ya shiga littafin, mai unguwa ba zai sake yarda da shi ba. Idan kuma akwai maƙwabci mabukaci wanda ba ɗan ikilisiya ba ne, a ambace shi a wurin taro kamar yadda muke so a ambaci namu.

A zaɓi mutum biyu, namiji da mace, su je su gaida shugaban asibitin mazaɓa, su yi masa tambaya uku: shin asibitin yana cikin shirin, yaushe za a sake rubuta sunaye, kuma su wa ke cikin Kwamitin Ci Gaban Mazaɓa. Idan babu namu a kwamitin, a nemi dagaci cikin ladabi ya sa mutum ɗaya. Su bar lambar wayarsu a asibitin, domin ranar da masu rajista za su zo a kira su, a yi sanarwa a majami'a ran Lahadi kafin ranar.